A riƙa tantance jinsin tsuntsayenmu a nan Yamai

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ungulu biyu a bakin mahauta ya san ido ba ya raba macen da namijin, kuma haka lamarin yake ga gauraka. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga masu kiwon tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, domin ana iya shafe shekaru ana ciyar da maza biyu a keji ɗaya ana jiran ƙwai. Yawancin nau'o'in ungulu ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, kuma tun 2015 aka saka nau'i huɗu na Afirka cikin jerin mafiya fuskantar haɗarin ɓacewa.

A da, sai likitan dabbobi ya sumar da tsuntsu ya huda cikinsa ya leƙa, aikin da kan iya halaka shi. Yanzu gashi ɗaya da aka fige ko ɗigon jini ya wadatar. Saɓanin ɗan Adam, a wurin tsuntsaye mace ce ke ɗauke da ƙwayoyin gado iri biyu, Z da W, namiji kuwa Z biyu gare shi, saboda haka da zarar na'urar PCR, mai binciken ƙwayoyin gado, ta nuna alamar W an san mace ce. Da wannan dabarar aka tabbatar a 1995 cewa aku na ƙarshe daga nau'in Spix da ya rage a dajin Barazil namiji ne, ba tare da an kama shi ba.

Jimina, wadda ta ɓace daga dajin Ayar har aka koma kiwonta a Kelle ta jihar Damagaram, ta fi wuya, domin Z da W nata sun yi kama ƙwarai, sai an nemi alamomi na musamman. Duk da haka gwajin ya fi jiran fiye da shekara kafin gashin namijin ya yi baƙi.

A ganina babu hujjar ɗora wannan aikin a kan ɗakunan gwaji na Turai. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke nan Yamai ta yi gwajin korona da irin wannan na'urar, ga ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL, ga kuma ɗalibai a Jami'ar Abdou Moumouni. Masu cewa kuɗin ya fi dacewa da jami'an gandun daji suna da gaskiyarsu, tunda gwaji ba ya hana mafarauci kai kan ungulu kasuwar masu magani. Sai dai sinadaran gwajin ba su kai tsadar abincin da za a yi shekaru ana zuba wa tsuntsayen da ba za su taɓa hayayyafa ba.