Karen da ke gadin ƙofarka amana ne

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai ajiye kare don gadi, ya ɗaure shi da sarƙa cikin rana, kwanon ruwansa ya bushe ƙayau tun safe. Idan ka yi masa magana sai ya ce ai kare ne. Yara kuma su bi wanda bai tsare musu komai ba da jifa, manya na zaune suna dariya. Subhanallah.

Ba na musun cewa shari'a ta sa iyaka. Ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum, kuma idan kare ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida da waɗannan buƙatu. To amma a wane hadisi aka ce a bar shi da yunwa?

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya. Ya sauka rijiya ya sha, da ya fito sai ya ga kare yana lallage, yana lasar ƙasa mai danshi. Ya ce a ransa, abin da ya same ni shi ya sami wannan. Ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da shi. Allah Ya gode masa, Ya gafarta masa. Sahabbai suka ce, ya Rasulallah, har a kan dabbobi muna da lada? Annabi (SAW) ya ce a kan duk mai ɗanyar hanta akwai lada. Ku lura, karen nan ba nasa ba ne, bai taɓa yi masa gadi ba. Ina ga wanda ke kwana idonsa biyu don ka yi barci?

A Suratul Kahfi aya ta 18 Allah Ya ambaci karen samarin nan da suka fake a kogo, ya shimfiɗa ƙafafunsa na gaba a bakin kogo. Da aka zo lissafin adadinsu a aya ta 22, sau uku ana ambatonsa tare da su. Wannan yakan sa ni kuka wani lokaci.

Idan kana da kare, yi masa inuwa a wajen ɗaki, ruwa kada ya yanke, a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, don cutar tana kashe mutum da zarar alamunta sun bayyana. Idan ya tsufa ya daina haushi, kada ka kai shi nesa ka yar. Wallahi sau da yawa sai ya biyo sawu ya dawo, ya kwanta a ƙofar nan da ya saba tsarewa, yana kaɗa maka wutsiya.