Ku bar ma'aurata da ɗan shirmensu na lokacin hutu

Ni dai a ganina, auren da miji da mata ba su da wani shirme nasu su biyu, wanda ba mai gane kansa sai su, da sauransa. Kuma lokacin hutu da bukukuwan shekara aka fi ganin haka, tunda an zauna wuri ɗaya, ba mai saurin fita aiki.

Akwai ma'auratan da tsohon agogo ne kyautarsu ta kowace shekara, agogon da ya daina aiki tuntuni. Bana maigida ya naɗe shi a takarda mai ƙyalli ya miƙa da hannu bibbiyu, uwargida ta yi ta zuba godiya har da addu'a. Baɗi ita za ta mayar masa, shi ma ya nuna bai taɓa ganin irinsa ba. Wasu kuma a taron dangi suke nasu: da ɗaya ya ce "anya mun rufe taga kuwa?", ɗayan ya san gajiya ta kai, a fara sallama. Na gefe zai ce manya da su suna wasan yara. To, ai ba don shi ake yi ba.

Masana sun duba wannan lamari. A 2017 Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka ya tattara bincike 39 da suka shafi mutum sama da 15,000, ya gano cewa iya barkwancin mutum shi kaɗai bai cika ƙara wa zaman daɗi ba. Abin da ke da tasiri shi ne raha da mutum biyun suka ƙirƙira tare. Wato mijin da ke sa majalisa dariya har a riƙe ciki, amma in ya shigo gida sai ya ɗaure fuska, bai ci wannan jarrabawa ba. Kafin nan, a 2007, Doris Bazzini da abokan aikinta sun nuna cewa ko tuna wata dariya da aka taɓa yi tare yana ƙara wa masoya gamsuwa da juna. Shi ya sa maimaitawar ba ta gundurar su. Duk shekarar da aka fito da agogon nan, dariyar shekarun baya ma tana fitowa tare da shi.

Masu cewa abin ba shi da ma'ana kuwa, su leƙa ƙasashe su gani. A Suwidin, tun wajajen 1960, ƙarfe uku na yammacin 24 ga Disamba miliyoyin mutane ke zama gaban talabijin su kalli shirin zanen Donald Duck, kusan iri ɗaya kowace shekara, har da kakanni. A Japan, tallan da gidan abincin KFC ya fara a 1974 ne ya mayar da soyayyar kazarsa abincin Kirsimeti, har sai mutum ya yi oda tun da wuri. In ƙasa guda za ta riƙe abu irin wannan ba kunya, mene ne laifin mutum biyu?

Amma fa akwai iyaka, kuma nan ne nake da zafi. In mutum ɗaya ne ke dariya, ɗayan yana murmushin yaƙe, wannan ba wasa ba ne, cin fuska ne. Mijin da duk taro sai ya tayar da labarin ranar da matarsa ta yi kuskure, baƙi na ƙyaƙyatawa ita tana sunkuyar da kai, ya daina kiran abin al'adarsu. Haka matar da ta mayar da munsharin mijinta labarin ba ƙawaye dariya. Shi ma Hall ya samu cewa rahar da ake muzanta abokin zama da ita tana tafiya ne da ƙarancin jin daɗin zaman.

Sai masu kwaikwayo. An ga wasu a Instagram sun saka kaya iri ɗaya ranar hutu, sai a takura wa miji ko mata lallai mu ma sai mun yi. A sayo, a saka, a yi ta faɗa kan wanda ya rufe ido a hoto, a ɗora, kowa ya cire ya koma kan wayarsa. Baɗi in ka tambaye su inda kayan suke, sai sun yi bincike a ƙasan akwati.