Kafin ka danna "sa hannu" ɗin nan, tsaya mu yi magana

Ƙannena 'yan gem, musamman ku masu turo min linki ƙarfe ɗayan dare wai "yaya dan Allah sa hannu ka tura wa mutum goma", yau da ku nake, kuma ba faɗa ba ne.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, The Crew gem ne na tseren mota da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014, mutane suka saya da kuɗinsu, wasu har da faifai a hannu. Ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin ya kashe na'urorinsa da gem ɗin ya dogara da su, shikenan, ko kai kaɗai kake son yin tuƙi a ɗakinka ba zai buɗe ba, faifan ya koma abin ɗora kofin shayi. Sai wani Ba'amurke ɗan YouTube, Ross Scott, ya ce sam, ya tada gangamin Stop Killing Games, wato "a daina kashe gem", aka shiga tara sa hannun jama'a a takardun koke. Kuma fa ba cewa suka yi kamfani ya yi ta kashe kuɗi kan tsohon gem har abada ba, cewa suka yi in za ku tafi ku bar mana abin da muka saya a yanayin da zai yi aiki. Ni dai a wajena wannan magana ce ta gaskiya, wanda ya sayar maka da akuya bai kamata ya dawo ya ce igiyar tana hannunsa ba.

To ina matsalar? Lokacin da ake tara sa hannun nan wani yaro a guruf ɗinmu ya zo yana alfahari wai ya kunna VPN, manhajar nan da ke ɓoye ƙasar da kake, ya ƙirƙiro adireshin Jamus ya cike fom har sau uku, sauran kuma suna ta yi masa tafi. Haba Malam. Wannan takardar koke ta Tarayyar Turai ce, 'yan ƙasashen tarayyar kaɗai doka ta ba damar sa hannu, ana buƙatar mutum miliyan 1 cikin wata 12, kuma sai aƙalla ƙasashe 7 kowacce ta cika nata adadin. Bayan an rufe kowace ƙasa hukumarta ke zama ta tantance sunayen, wasu ƙasashen ma sai ka ba da lambar katin shaida ko fasfo. An rufe a ƙarshen Yulin 2025 da sama da miliyan 1.4, da aka tace aka samu kusan miliyan 1.3. Na bogin duk shara suka tafi, kuma haɗarinsu shi ne su kumbura lissafi mutane su zaci an gama su koma barci. Shi kansa Ross Scott sai da ya fito ya roƙi jama'a su daina. Kaga kenan ka yi ƙarya, ka ƙona datarka, ka kuma kusa ɓata wa waɗanda kake cewa kana taimaka wa. Niyya mai kyau ba ta halatta ƙarya, wannan ko a islamiyya an koya mana.

Sannan ku daina ɗaukar sa hannu kamar hukuncin alƙali. Miliyan ɗin nan abin da yake tilasta wa Hukumar Tarayyar Turai shi ne ta saurare su ta ba da amsa a rubuce, a kuma yi zama kan batun a Majalisar Turai, ba wai dole ta yi doka ba. A Birtaniya ma haka, sa hannu dubu 10 gwamnati za ta amsa, dubu 100 sai a duba yiwuwar muhawara a majalisa. An yi muhawarar gem ɗin a Nuwamban 2025, gwamnati ta ce ba ta da shirin canza doka.

In gem ne haka, to ina ga siyasar ƙasashen waje? A 2017 mutum sama da miliyan 1.8 suka sa hannu kar a yi wa Trump tarbar girma a Ingila, a Yunin 2019 sai ga shi a fadar Sarauniya ana cin liyafa. A 2019 ɗin kuma sama da miliyan 6 suka nemi Birtaniya ta fasa ficewa daga Tarayyar Turai, aka fice. 'Yan ƙasa da mazauna ƙasar ne fa, a shafin majalisarsu. Balle kai da aka turo wa linkin da ba ka san mai shi ba wai in mun kai miliyan Majalisar Ɗinkin Duniya za ta tsayar da yaƙi, alhali ƙasashe 5 ne a kwamitin sulhu kowacce ita kaɗai tana iya hawa kujerar naƙi. Na san zafin zuciya ne ke sa ku, nima yana ci na, amma wani linkin wallahi lambarka da imel ɗinka kawai yake farauta.

Kar ku ce na ce surutun banza ne, a'a. Inda kuɗi da sunan kamfani suke matsin lamba yana ci, Ubisoft dai ta sa wa The Crew 2 hanyar bugawa ba intanet, jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 cewa in lasisi kake sayarwa, wato izinin amfani kawai ba mallaka ba, sai ka faɗa wa mai saye, Steam, shagon sayar da gem na intanet, kuma ya fara rubuta hakan a wajen biya.

Wannan rubutun na lasisi nake so ku riƙa karantawa kafin ku biya. Kai da ke tara kuɗin makaranta kana zuba wa kuɗin cikin gem irin su UC a PUBG ko dayamon a Free Fire, ka sani aro ne, ranar da suka rufe ko suka toshe akawun ɗinka babu abin da za ka riƙe a hannu. In gem ɗin kwamfuta ne duba ko yana buɗewa ba intanet, a shagon gem na GOG ma kana iya sauke fayil ɗin ka adana abinka. In kuma a Najeriya aka cuce ka a ciniki akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, majalisa ma tana da kwamitin karɓar koken jama'a, can ne sunanka na gaskiya da adireshin unguwarku za su yi aiki, ba sai ka zama ɗan Jamus ba.