Farin Lemo Ma Yana Cin Haƙori

'Yan uwana matasa, akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatanmu a nan Jos, wai lemo mai duhu ne ke ɓata haƙori, shi kuwa fari tas ba ruwansa. Shi ya sa za ka ga saurayi a wajen mai tsire a Farin Gada ya ture kwalbar kola, ya ce a miƙo masa Sprite ko 7Up, yana ganin ya yi wa kansa gata. Ko dubiya za a je asibiti, farin lemo ake riƙewa. To ku sani, iyakar aikin launi shi ne ya sa haƙori ya dafe. Masu cin haƙorin kansa su ne tsami da sukari, kuma farin lemo yana ɗauke da su duka biyun.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi kowane ƙashi tauri a jikin ɗan Adam, amma idan ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Masana suna da ma'aunin tsami da suke kira pH. Tsabtataccen ruwa yana kan 7, kuma iya saukar lambar, iya ƙarfin tsamin. Ɓawon haƙori yana fara narkewa ne daga wajen 5.5, alhali yawancin fararen lemuka masu gas suna kusa da 3. Kada ku raina tazarar, domin kowane mataki ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma ke nan. Zaƙin sukari ne ya rufe shi har harshe bai ji ba. Wanda ya taɓa tsotsar tsamiya har haƙoransa suka mutu ya san aikin tsami, sai dai ita tsamiya tana yi maka kashedi, lemo kuwa shiru yake ɓarnarsa.

Sukarin ma da nasa aikin. Ƙwayoyin cutar da ke maƙale a jikin haƙori suna cinsa su fitar da nasu tsamin, shi ne ke huda haƙori ya yi kogo. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki kuzari a rana, wato kamar giram 50 ga babba, kimanin ƙaramin cokali 12. Juya kwalbar da ke hannunka ka karanta giram nawa aka rubuta, sannan ka haɗa da na shayin safe da na zoɓo. Wanda aka rubuta ba sukari a jikinsa ya rage matsala ɗaya, amma tsaminsa yana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke sha. Allah ya yi mana yawu da ke wanke tsami ya mayar wa haƙori wasu sinadaransa, amma yana bukatar kamar rabin awa zuwa awa guda kafin baki ya daidaita. Yanzu dubi mai shago a Taminus da ya ajiye roba a gefen teburi tun hantsi, ya kurɓa ya rufe, ya sallami mai saye ya sake kurɓa, har la'asar. Dubi ɗaliba da ke karatun dare tana tsotsa kaɗan-kaɗan don kada barci ya ɗauke ta. Kowace kurɓa tana mayar da aikin yawun baya, haƙori ya wuni jiƙe cikin tsami. Mafi muni a sha a kwanta, domin yawu yana raguwa sosai a lokacin barci. 'Yan uwana mata masu shan ruwan ɗumi da lemon tsami kullum da safe don rage ƙiba, maganar nan ta haɗa da ku.

Sanyin garin nan ma yana tona asiri. Idan hunturu ya kama, ka ɗebi ruwan alwalar asuba ka kurkure baki ka ji wani zugi ya tsarga har ƙwaƙwalwa, ko ka ga gefen haƙoran gaba ya yi sirara, ko suna komawa rawaya duk da kana gogewa, wataƙila ɓawon ne ya fara tafiya.

Ban ce lemo haramun ba ne. Idan za ka sha, sha tare da abinci, ka shanye a zama ɗaya, kada ka riƙa wasa da shi a baki. Ka bi shi da ruwa ka kurkure. Kada ka yi saurin ɗaukar burushi ko asuwaki, don a lokacin ɓawon ya yi laushi, gogewa kankare shi za ta yi; jira aƙalla rabin awa. Ka nemi man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, ka goge da shi safe da dare. Ƙishirwa kuwa ruwa take so.

Ku kuma masu ƙananan yara da ƙanne, don Allah a daina zuba musu lemo a fida don su yi shiru, haƙoransu sun fi namu rauni. Wanda ya riga ya fara jin zugi ya daina ɗora wa sanyi laifi yana tura kanumfari a kogo, ya je sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko wani asibitin da ke kusa da shi tun ciko zai wadatar, kafin a kai ga cirewa.