Wanda bai ga yaron ba, kada ya ce a daina ba shi magani

Tun jiya nake ganin hoton hirar nan yana yawo, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Baiwar Allah ta shiga zauren WhatsApp da aka ce an buɗe domin iyaye masu jinyar 'ya'yansu, cikin tsakar dare, hankalinta a tashe. Yaronta ɗan shekara 19, kwana uku da fara shan maganin larurar ƙwaƙwalwa na asibiti, wuyansa ya murɗe gefe guda, harshe ya zaro, idanu sun kafe sama. Kun dai ga amsoshin da ta samu. Wannan ya ce mutanen ɓoye ne suka ji zafin magani suka tashi. Waccan ta ce a zubar da ƙwayoyin kada a sake ba shi. Wani ya ce ta ɗauki bidiyo ta turo su gani. Wani kuma ya bi ta ta bayan fage da tallan hayaƙi. Duk cikinsu ba a samu mutum ɗaya da ya ce mata "Mama, ɗauke shi ku tafi asibiti yanzu" ba.

Jama'a, wa ya ba ku wannan izinin? Ba ku ga yaron ba, ba ku san sunan ƙwayar ba, ba ku san miligiram nawa aka rubuta ba, amma kun yanke hukunci da babban yatsa.

Abin da ya samu yaron nan sananne ne ga duk nas ɗin da ta yi aiki a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Illar magani ce, jijiyoyin wuya da na harshe da na ido ke ɗaurewa. Ta fi zuwa da tsofaffin magunguna irin su haloperidol, ta fi kama samari, kuma galibi cikin kwanaki biyar na farko take bayyana, ko bayan an ƙara yawan maganin. Tana da ban tsoro ga mai kallo, tana da zafi ga mai ita, amma allura ɗaya a asibiti kan sake ta cikin ɗan lokaci. Daga nan likita ya rage adadin, ko ya haɗa da benzhexol, wanda aka fi sani da Artane ko Exol, ko ya sauya zuwa wani kamar risperidone ko olanzapine. Inda haɗarin yake shi ne idan ɗaurewar ta kai maƙogwaro, numfashi ya soma wahala. Shi ya sa ba a jiran gari ya waye. A dakata da ba shi ƙwaya ta gaba, a tafi a daren, da katin asibiti da kwalin maganin a hannu. Tsakanin wannan da "zubar da su gaba ɗaya" akwai tafiya mai nisa.

Ga dalilin da ya sa masu cewa a daina magani suke ganin kamar gaskiyarsu ce, kuma ina son a fahimci wannan da kyau. Maganin saikosis, wato larurar da mutum ke jin muryoyin da babu su, ko ya kafe a kan ana bin sa ko an sa masa guba, ba ya aiki irin na farasitamol. Barci da natsuwa kan zo cikin 'yan kwanaki, amma muryoyi da zargi sai sati biyu zuwa shida suke lafawa sosai. Haka kuma idan aka tsayar da shi ciwon ba ya dawowa washegari. Satin farko ma yaron ya fi walwala: nauyin jiki ya tafi, yawu ya daina zuba, ya daina barcin rana. Sai a koma zaure a ce alhamdulillahi, ashe maganin ne ke kashe shi. Wanda ya ba da shawarar ya sha yabo. Bayan wata biyu, ko huɗu, ko shida, barci ya fara ƙaura, yaro ya rufe ƙofa, ya ƙi abincin gida. A lokacin mai shawarar ya manta ma ya taɓa magana, uwa ce kaɗai ke tsaye a bakin ƙofa. Mafi yawan waɗanda suka bar magani bayan ciwon farko yana dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma sau da yawa dawowar ta fi wuyar sha'ani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci gaba da magani aƙalla wata 7 zuwa 12 bayan alamu sun ɓace, in za a rage kuma a hankali ake ragewa, likita yana kallo.

Kuma mun san inda yaro kan ƙare idan ciwo ya dawo gida ya kasa: mari a ƙafa. Ba mu manta da Rigasa ta Kaduna ba, watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, wasu da sarƙa. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, kuma ba mugaye ba ne. Gajiya ce da shawarar mutane.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa: "Wato kai musun aljanu kake yi?" Ku ajiye wannan, ba a kansa muke ba. Babu wanda ya ce a bar addu'a. A karanta Alƙur'ani, a tofa, a yi sadaka, uwa ta tashi cikin dare ta kai kukanta ga Allah. Wace aya ce ƙwaya ke karyawa? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne bulala, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da hana abinci, da sharaɗin wai sai an bar na asibiti sannan nasa zai ci. Masu cewa "ai niyyarmu taimako" kuwa, niyya tana ga Allah, amma ba ku ne za ku biya kuɗin gado ba idan aka sake kwantar da shi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe waɗannan zauruka. Ana buƙatarsu ƙwarai. Kusan mutum ɗaya cikin 300 a duniya na da sikizofireniya, wato wani nau'in saikosis mai daɗewa, kuma galibi tana farawa ne daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa ashirin da wani abu, lokacin da yaro yake jami'a ko koyon sana'a. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Uwa a ƙauyen Zamfara ko Jigawa, tsakaninta da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Dawanau ko Barnawa ko Maiduguri tafiyar yini ce da kuɗin mota na mutum uku. Maƙwabta ba za ta iya gaya musu ba saboda 'yan matan gidan da ke jiran manema. Wayar nan ita ce wurin da za ta yi magana a fahimce ta. Domin haka ne ma ɓarnar cikinta take da ciwo.

Zauren kirki yana da tsari. Admin ya kunna amincewa da sabon shiga, kada lin ɗin ya zama na kowa, domin a WhatsApp duk ɗan zaure yana ganin lambar kowa, kuma ta nan 'yan talla ke bin iyaye ɗaya bayan ɗaya. Mai sayar da wani abu, ko ganye ne ko ƙwaya, a cire shi ranar. Babu hoto, babu bidiyo, babu sunan yaro ko unguwarsu. Bidiyon da aka ɗauka yana cikin ciwo zai rayu bayan ya warke, ya same shi ranar neman aiki ko neman aure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a kare mutuncinsa da sirrinsa. A nemi ko da nas ɗaya ta ɓangaren ƙwaƙwalwa a cikin masu kula da zauren, ita ma aikinta ta ce wannan na gaggawa ne, wannan zai iya jiran ranar kilinik. Rubuta magani ta waya ga yaron da ba a gani ba, ko ita ba huruminta ba ne.

Sannan a maƙala saƙo ɗaya a sama, a rubuce da kuma murya saboda iyayen da ba sa karatun boko, na abubuwan da ba a tattaunawa a kansu sai dai a tafi asibiti. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da gumi da ruɗewa ga mai shan waɗannan magunguna: wannan yana kisa, a tsayar da ƙwaya a ruga. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya da zazzaɓi ga wanda bai taɓa yi ba: a fara tunanin maleriya da ta hau kai, ko sanƙarau, ko taifot. Jijjiga. Ƙin ci da sha yini biyu. Muryar da ke umartarsa ya cutar da kansa ko wani. Maganar mutuwa. A kan wannan ta ƙarshen, a tambaye shi kai tsaye, "kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta shuka tunanin, sauƙi ma take kawowa. Kuma a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshi da igiya daga inda hannunsa zai kai, ƙwayoyinsa ma su zauna wurin babba, a riƙa ba shi na rana ɗaya.

Abin da iyaye za su koya wa juna da gaske yana da yawa. Littafi ɗan ƙarami da ake rubuta awa nawa ya yi barci, ya ci abinci ko bai ci ba, ya sha magani ko ya ƙi. Likitan da ke da minti biyar zai amfana da shafi ɗaya fiye da dogon labari. Rashin barci kwana biyu ko uku a jere shi ne ƙararrawar farko ga yawancinsu. Tunatar da juna ranar allura, ga waɗanda ke kan irin su Modecate da ake yi duk sati biyu zuwa huɗu, wadda ta fi dacewa da yaron da ke ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Auna nauyi duk wata ga mai shan olanzapine, saboda tana buɗe ciki tana iya tayar da suga. Sanin cewa risperidone na iya ɗauke wa yarinya al'ada ko ta kawo ruwan nono, don kada a zarge ta da abin da ba ta yi ba. Adashin kuɗin magani, da haɗa mota ranar kilinik. Da faɗin gaskiya a kan wiwi: ɓoye wa likita cewa yaro yana sha ba rufin asiri ba ne, domin muddin yana zuƙa ciwon zai yi ta dawowa.

Da yadda ake magana da shi. Idan ya ce an sa guba a tuwo, kada a yi gardama, kada kuma a ce haka ne. A ce "ni ban ga haka ba, amma na ga kana cikin tsoro," a ci daga kwanon tare da shi ko a bar shi ya zuba da kansa. Mutum ɗaya ya yi magana, a taƙaice, murya ƙasa. Binciken da aka soma a Ingila tun shekarun 1960 ya nuna gidan da ake yawan faɗa da gori ciwo ya fi saurin dawowa a cikinsa. Kwanciyar da yake yi yini guda ba ya wanka, wadda ake kira lalaci, sau da yawa ɓangaren ciwon ce. Ita ma mai jinyar a tambaye ta yaushe rabonta da barci, a sa wani cikin dangi ya karɓe ta ko da dare biyu a sati. Wannan ne aikin zaure. Canza magani aikin wanda ya ga yaron ne.

Af, tunda na ga har an fara rubuta wa uwar yaron "a yi masa aure zai natsu", ku bari in taɓa wannan ma. Aure ba ya cikin magungunan saikosis. Hidimar biki da rashin barci da nauyin cefane su ne ma irin abin da ke tayar da shi. Masu wannan larura suna aure, suna haihuwa, suna riƙe gida, amma bayan sun daidaita, kuma ɗaya ɓangaren ya san gaskiya tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Yarinya kuwa da aka aurar a ɓoye, ta kan bar magani don kada miji ya ga kwalin, ga ciki ya shiga, ga makonnin farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari gare ta. Idan tana da niyyar ɗaukar ciki, ita da mijin su je wurin likita tare tun kafin ya shiga, a tsara wanda za ta sha da wanda zai kwana da jariri a satin suna.