A mayar da matar Ukok makwancinta

Tono tsofaffin kaburburan tudu da masu binciken tarihi ke yi a tsaunukan Altai na yankin Siberiya a Rasha bai kwanta mini a rai ba. Ku duba matar da Natalia Polosmak, wata mai binciken kayan tarihi 'yar Rasha, ta tono a Ukok, wani fili a kan tsaunukan, a 1993: ƙanƙara ta adana gawarta fiye da shekara 2,000, zanen barewa a kafaɗarta yana nan raɗau, ga dawakai shida da sirdinsu da aka binne tare da ita. Ilimi ne, ban musa ba. To an auna, an ɗauki hotuna, me ya rage? Tun 2012 tana gidan tarihi a Gorno-Altaisk, babban birnin yankin Altai, mutanen yankin da dama suna ta roƙon a mayar da ita ƙasa. A riƙe kayan, amma don Allah a rufe baiwar Allah nan.