Wai "ana cike rahoto": to wa ke cikewa, a gaban wa?

Wallahi abin ya ishe ni. Tun jiya ake ta yaɗa maganar wancan "masanin" cewa katin gargaɗin da Tarayyar Turai ta ba Ghana kan kamun kifi a 2021 zalunci ne kawai irin na Turawa. Hujjarsa wai kowane babban jirgin kamun kifi da ya tashi daga tashar ruwa ta Tema yana ɗauke da jami'in sa ido na gwamnati, kuma ana cike rahoto. Har da masu yi masa kabbara. To madalla, ana cike rahoto. Wa ke cikewa? A gaban wa yake cikewa?

Jami'in sa idon nan saurayi ne ɗaya tak, da littafinsa da biro, a cikin jirgin da zai yi makonni bai ga tudu ba. Abincin da zai ci, kyaftin ne ke ba shi. Inda zai sa haƙarƙarinsa, kyaftin ne ya nuna masa. Wayarsa ba sabis. Shi aka ce ya rubuta cewa mutanen da ke ciyar da shi sun jefa koma inda aka hana, sun kwashe 'ya'yan kifi, sun juye wanda bai yi musu ba a ruwa. Da tsakar dare, ba mai gani sai Allah. Ran nan ko dai ya karɓi ɗan abin da aka miƙo masa ya shiga ɗaki ya kwanta, ko ya yi taurin kai.

Mun ga abin da ke samun masu taurin kai. Emmanuel Essien, ɗan shekara 28, ya ɓace daga jirgin Meng Xin 15 a watan Yulin 2019, bayan ya kai rahoton saɓa doka da ya gani a wani jirgin. A Oktoban 2023 kuma Samuel Abayateye ya ɓace daga jirgin kamun tuna Marine 707. Iyalansu sun yi ta kai-kawo suna neman a faɗa musu abin da ya faru. Don Allah ku gaya mini, wanda aka tura bayansu, da matarsa da 'ya'yansa a gida, me zai rubuta a littafin nan? Zai rubuta lafiya lau. Wannan "lafiya lau" ɗin ce malam masani ke ɗaga mana yana cewa ga hujja.

Ana cike rahoto! A 2017 ma ai ana cikewa. Ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta cewa kifin da ya bi ta saiko a shekarar ya kai kusan tan 100,000. Mutanenmu na zangon Ghana sun san saiko: manyan jirage su kwashi ƙananan kifin da talaka mai kwalekwale ke rayuwa da shi, su daskarar da shi falle-falle, su sauke wa wasu manyan kwalekwale a tsakiyar ruwa, a kawo garin Elmina a sayar wa matan da mazajensu suka dawo da koma wayam. Kifinsu ne aka sayar musu. Bisa lissafin ƙungiyar, kashi 40 cikin ɗari kacal na abin da jiragen suka kama ne ya shiga littafin hukuma. Sauran bai taɓa wanzuwa ba, in dai takarda za a tambaya. Haka ma mallakar jiragen. Doka ta ce na 'yan ƙasa ne, takarda ta ce na 'yan ƙasa ne, bincike ya ce kusan kashi 90 cikin ɗari suna da alaƙa da kamfanonin China.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙaryar ba ta tsayawa a Tema. Hukumar ICCAT da ke Madrid, wadda ke raba wa ƙasashe kason tuna a Tekun Atlantika, galibi ta dogara ne da abin da ƙasashe suka faɗa mata. Alƙaluman da ƙasashe suka aiko su ne masana ke zama a kansu su ce bana ga adadin da za a iya kamawa. In an aiko rabin gaskiya, kason da za a yanke ma rabin gaskiya ne, sannan baɗi a auna "bin doka" da wani rahoton da mai jirgin ya sake cikewa. Suna da ƙa'ida wai in ba ka kawo bayanai ba, ba kai ba kifi. Ta yi kyau. Amma ta kama wanda bai aiko takarda ba ne. Wanda ya aiko ƙarya a kan lokaci, da hatimi da sa hannu, shi ne ɗalibin kirki. An ba kura ajiyar nama, an kuma ce ita za ta rubuto nawa ya rage.

Na san abin da za ku ce: "Su Turawan waliyyai ne?" Wa ya ce? Titus ɗin nan da muke soyawa, ƙasashen da ke kamo shi, su Norway da Birtaniya da Iceland da Tarayyar Turan kanta, sun shafe shekaru sun kasa jituwa kan rabonsa. Kowa sai ya yanka wa kansa kaso, in aka haɗa ya zarce abin da masanansu suka ba da shawara, har aka dakatar da shaidar MSC ta kifin, wato tambarin da ke nuna ana kamu ba tare da ƙarar da kifin ba, a 2019. Na ji. Sai me? Don maƙwabci ɓarawo ne sai na gidanka ya zama mai gaskiya? Kamaru da Tarayyar Turai ta ba jan kati, wato hana ta sayar da kifi a can, a Janairun 2023, ai saboda tana liƙa tutarta a jiragen da ba ta iya bin sawunsu ne. Shi ma mulkin mallaka ne?

Wasu kuma za su ce saiko ya ragu, an yi sabuwar doka a 2025 ta tura manyan jirage mil 12 daga gaɓa maimakon 6. Alhamdu lillahi, da gaske nake, na yi murna. Amma wa zai tsaya a mil na 12 ɗin da ƙarfe biyun dare? Yaron nan dai mai biro?

Ni ba wani abu mai wuya nake nema ba. A sa kyamarar da kyaftin ba zai iya kashewa ba. Jirgin da na'urar nuna inda yake ta "lalace" a daidai wurin da aka hana kamu, a riƙe lasisinsa har ya yi bayani. A auna kifi a tasha a kan sikeli, a gaban mutane. A ba jami'in sa ido na'urar kiransa ta kansa. A buga sunayen jirage kamar yadda Senegal ta yi a 2024, a ƙara da sunan ainihin mai kowane jirgi. In ba za a yi ba, a daina tura 'ya'yan mutane, a bar kyaftin ya cike abinsa, ai dama shi ke cikewa.

Tunda ma maganar kifi ake, ku masu shagon kifin ƙanƙara, ku ji tsoron Allah. In wuta ta ɗauke kifi ya saki, ku daina mayar da shi firiza ya sake daskarewa ku sayar mana a matsayin sabo. Ana ganewa. Ido ya faɗa, ciki ya yi laushi, ana sa shi a mai ya wargaje. Ga tsada, ga shi sai an yi faɗa kafin a bar mutum ya zaɓa da hannunsa.